Shaddar da Tela Ya Ƙi Yankawa

Zariyar wandona ce ta fara ba da labari, ni ne dai ban saurara ba. A shekarar da aka mayar da ni ofishin darakta, kusan kullum da asuba in na zo ɗaure wando sai bakin zariyar ya shige ciki, sai matata ta ɗauko murfin biro ta zaƙulo mini shi. Na ce mata tela ne ya yi rowar zariya. Ta ce, "Yallaɓai, wandon nan shekararsa uku, sai yanzu rowar ta bayyana?" Na yi mata banza, don ba na son gardama kafin in sha shayi, kuma a lokacin ma shayin ba samun shansa nake yi ba.

Teɓa ce na ajiye, kuma duk wanda ya gan ni sai ya yi mini barka. Masinjan ofishinmu in ya hango ni sai ya shafa nasa cikin ya ce, "Oga, ciki ya fito, alheri ya zo ke nan." Abokan da muka yi makaranta tare suka ce Abuja ta karɓe ni. Ni kuwa ba zan yi ƙarya ba, abin yana yi mini daɗi. Na taso siriri kamar sillen kara, an sha yi mini tsiya a kai, ga shi yanzu in na sa babbar riga tana zama a jikina.

Aikin kuwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne in an faɗe shi da baki. Ni ke riƙe da fayilolin Oga, wato daraktan, ni ke shirya masa takardun mitin, ni ke sanin inda ya kamata ya kasance da ƙarfe kaza. Amma ba shi da lokacin tashi. A Kuje muke zaune, don haka ina sallame sallar asuba nake kama hanya, in tsere wa cunkoson titin filin jirgi. Karin kumallo babu. Abincin rana sai la'asar sakaliya, a tsaye, burodi da lemon kwalba ko abin da mai abincin bakin ƙofar ma'aikata ta rage a tukunya. Na sa wa lambar Oga wani kiɗa na daban a wayata don kada in kuskure kiransa, kuma duk sanda kiɗan nan ya tashi sai gabana ya faɗi, ko da ina cikin sahun salla ne, ko ina riƙe da 'yata. Oga ba mugu ba ne, gaskiya ɗaya ce. Shi ma akwai wanda ke kiransa, shi ma na sha ganin ya zabura kafin ya ɗaga wayar.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba ci nake yi ba amma ƙaruwa nake. Har azumin Litinin da Alhamis na riƙa yi, rabi don lada rabi don tumbi, Allah Ya yafe mini. Tumbin bai san ina yi ba.

Wadda ta fi kowa murna ita ce Inna, mahaifiyata, a Funtuwa. Da na je gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan ya samu wuri. Kai ka ce babanka." Ta aika aka kira maƙwabta su zo su ga yadda na yi kyau. Babana direban wani attajiri ne, shekara da shekaru, kuma yana da teɓar da duk unguwa ta san ta. Ana cewa arziƙin maigida yake ci. Ciwon suga ne ya kwantar da shi ina aji biyar na sakandare, aka yanke masa ƙafa, bayan 'yan watanni Allah Ya karɓi abinSa. Ban taɓa haɗa teɓar da ciwon ba. A wajenmu teɓa hutu ce, ciwo kuwa ƙaddara, kowanne da hanyarsa. Don haka da Inna ta ce kamar babana, daɗi na ji har cikin raina.

Saura wata guda bikin ƙanena, na sayi wata shadda ruwan toka mai tsada, na kai wa telana a kasuwar Wuse. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce da keken ɗinki a kafaɗa ya shigo Abuja, yana bin unguwanni yana kaɗa almakashi, kafin Allah Ya ba shi shago. Yana da wani tsohon littafin awo mai baƙin bango, kowane mai kawo ɗinki da shafinsa. Ɗabi'arsa ita ce ba ya goge tsohon awo. In ka dawo sai ya sake auna ka, ko da jiya ka zo, ya rubuta sabon a ƙarƙashin na da. Na sha yi masa ƙorafin yana ɓata mini lokaci, ya sha ce mini shi ba ya yanka yadin mutum da awon bara.

Ranar ya auna wuya, ya rubuta. Ya auna kafaɗa, ya auna damtse, ya tsaya ya sake aunawa. Ya zagaya tef a cikina, ya durƙusa ya auna cinya. Daga nan ya zauna ya zuba wa shafin ido har na fara duba agogo.

Na ce, "Baba, lafiya dai? Ina da mitin ƙarfe biyu."

Ya ce, "Oga, kana cin abinci kuwa?"

Na yi dariya na buga cikina. "Wannan ai ya isa amsa."

Bai yi dariyar ba. Ya juyo da littafin ya ɗora yatsa a kan layukan. "Dubi nan. Ƙibar hutu na san ta, kullum ina auna ta. Ita ko'ina take zuwa, wuya ya cika, damtse ya cika, cinya ta cika. Kai wuyanka yana nan yadda yake. Damtsenka ya ragu, cinyarka ta ragu. Ciki kaɗai ke tafiya, awo huɗu a jere. Wannan ba hutu ba ne."

Raina ya ɓaci. Ɗinki na kawo, ban zo neman fatawa ba. Na ce masa in yadin ne ba zai isa ba ya faɗa mini in ƙaro.

Ya ce, "Yadi zai isa." Sai ya shiga buɗe shafuka baya baya, ya nuna mini wasu da aka ja musu dogon layi daga sama har ƙasa. "Waɗannan sun daina zuwa, Allah Ya jiƙansu. Ba duka ba, amma da yawansu haka awonsu ya riƙa tafiya, ni kuma ina ta ƙara musu inci ina cewa Allah Ya ƙara arziƙi. Ni ba likita ba ne, tef kawai na iya. Amma ba zan sa almakashi a shaddar nan ba sai ka je an duba ka. In kana sauri, ga teloli nan cike da layi."

Ya ninke shaddar ya miƙo mini. Don haushi ban karɓa ba, na juya na fita, ina cewa a raina tsufa ne ya fara taɓa shi. Amma ina cikin tasi mai kore da fari, a tsaye cik a cunkoso, sai na tsinci kaina ina matsa damtsena ta cikin riga. Ya yi laushi, ba yadda na san shi ba.

Sati biyu na yi ina ta maza. Abin da ya karya ni ƙarami ne. Wata Asabar da hantsi 'yata, tana da shekara huɗu a lokacin, ta hau cikina tana kiɗa shi da tafin hannu tana waƙa, sai na tuna ni ma haka na riƙa yi wa babana a kan tabarma a zaure. Na lissafa shekarunta, na lissafa nawa, na tuna shekarun da babana ya yi a duniya. Ranar Litinin na ce wa Oga zan je asibiti, karo na farko da na nemi izinin wani abu don kaina.

Likitar babbar mace ce mai gilashi, ba ta da gaggawa. Ta sa aka ɗebi jinina, ta ce in dawo da safe ban ci komai ba, wanda a wajena ba sabon abu ba ne. Da sakamako ya fito ta ce sugana ya hau, bai kai a kira shi ciwo ba tukuna amma yana bakin ƙofa. Ta tambayi iyayena, na faɗa mata na babana. Ta naɗa mini abin awon jini a hannu, tana cikin matsawa sai kiɗan Oga ya tashi a aljihuna. Na zabura zan ciro wayar.

Ta ce, "Bar ta. Dubi nan."

Na dubi na'urar. Bugun zuciyata yana ta hawa a gabana, ina zaune a kujera, ba gudu na yi ba, ba kaya na ɗauka ba. Wayar ta yi ta yi ta gaji ta katse.

Ta ce, "Sau nawa ake yi maka haka a rana?"

Na ce ban taɓa ƙirgawa ba.

Sai ta ajiye biro ta yi mini bayanin da har yau nake riƙe da shi. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan abu da ke sakin sinadari cikin jini duk sanda ƙwaƙwalwa ta ce akwai haɗari. Saƙo ne yake kai wa sassan jiki. Ya ce wa hanta ta zubo suga, don a samu ƙarfin gudu. In abin ya daɗe, ya shiga gutsurar tsokar hannu da ta cinya yana mayar da ita suga, abin da telana ya gani da tef ke nan. Ni kuwa ba gudun nake yi ba, a kujera nake, don haka jiki sai ya tattara ya kai ajiya. Kuma kitsen da ke cikin ciki, wanda ke kewaye da hanji, ya fi na ko'ina jin wannan saƙo.

Na ce, "To Likita, ai kowa yana shiga tashin hankali."

Ta ce, "Kowa yana shiga, amma yana fita. Sinadarin nan da ma yakan hau da safe ya sauka da yamma, haka Allah Ya tsara shi. A cikin kitse akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ba su zama komai ba tukuna, suna zaune suna jira. In saƙon ya zo ya wuce, ba sa kula shi. In ya zo ya ƙi tafiya, safe da yamma, yau da gobe, sai su ɗauka da gaske ne, su rikiɗe su zama ƙwayoyin kitse. Kai ɗan manoma ne?"

Na ce kakana manomi ne.

"To in manomi ya yi ta jin ana cewa yunwa na tafe, me zai yi? Zai cika rumbu, ya gina wani, ya hana a taɓa. Jikinka bai san darakta ba, bai san fayil ba. Abin da ya sani kawai kullum ana buga masa ƙararrawa."

Ta ƙara da cewa su ma ƙwayoyin kitsen in an cusa musu fiye da ƙima, wahala suke sha, sai su fara aika nasu saƙon kuka cikin jini. Wannan kukan ne ke sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga inda ya kamata, sai sugan ya yi ta yawo a jini. Ba ta ɗora wa Oga laifin duka ba. Ta ce akwai gado, akwai lemon kwalba, akwai zaman mota da ƙarancin barci, kuma sai da ta sa aka sake wani gwaji don ta tabbatar ba wani ciwo ne daban a saman ƙodar ba. Amma ta ce in na gyara abinci na bar ƙararrawar tana bugawa, rabin aiki na yi.

Maganar a bayyane take, ko in bar kujerar nan ko in bi sawun babana. Amma barin ofishin darakta a ma'aikatarmu ba ƙaramin abu ba ne. Mutane kamun ƙafa suke yi a kai su can. Wanda ya fita kuwa, kowa zai ce korarsa aka yi. Ban damu da 'yan ofis sosai ba. Inna nake ji, wadda ke gaya wa duk wanda ya shigo gidanta cewa ɗanta ne na hannun daman babban mutum a Abuja.

Matata ce ta tsaya mini. Ta ce, "Ni dai gara a ce an kore ka, da a zo ana yi mini ta'aziyya ana yabon muƙaminka." Ita ta zauna kusa da ni na rubuta takardar neman a mayar da ni sashen ajiyar fayiloli, can ƙasan bene, inda ake tashi ƙarfe huɗu kuma ba mai neman kowa.

Na kai wa Oga ina jiran faɗa. Ya karanta, ya tambaye ni ko wani ya ɓata mini. Na kwashe labarin duka na faɗa masa, har da tela. Ya dubi nasa cikin da ya tokare tebur, ya sa hannu a takardar. Har na kai ƙofa ya ce, "Wai a wane layi telan nan yake?" Na kwatanta masa. Ban san ko ya je ba.

Bikin ƙanena da tsohuwar riga na je shi, na yi kwana ɗaya na gudo kafin Inna ta samu sararin yi mini tambayoyi. Daga nan rayuwa ta sauya a hankali. Na fara karyawa a gida, koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo, a zaune. Na goge kiɗan nan daga wayata, amma na fi wata biyu in na ji irinsa a wayar wani a mota sai gabana ya faɗi. Da yamma nakan taka daga gida har bayan gari inda gonakin doya suke, in dawo kafin magariba. Teɓar ba ta gudu ba, kada in yi wa kowa ƙarya. Likita ta ce ƙwayoyin da suka riga suka zama kitse ba sa komawa, sai dai su saɓe, kuma suna nan suna jiran ranar da zan koma gidan jiya. Amma zariya ta daina ɓuya, suga ya sauko, na dawo ina jin yunwa a lokacin da mutane ke jin ta.

Bayan wata bakwai na koma Wuse, ina jin kunya. Baba tela bai ce mini komai ba game da fushin da na yi. Ya ɗauko tef ya auna, ya rubuta a ƙarƙashin na da, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da shaddata a cikin leda, ko ƙura ba ta yi ba. Ya ce, "Yanzu zan yanka." Na yi masa godiya, kalmomin suka yi mini kaɗan. Ya ce in bari, shi ma ya gaji da jan layi ne.

Da shaddar a jikina na je Funtuwa da ƙaramar salla. Inna tana ganina fuskarta ta canja. Ta bari sai da aka watse, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Faɗa mini gaskiya. Korarka aka yi, ko matarka ce ba ta ba ka abinci?"

Na ce ba ko ɗaya. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na faɗa mata komai, littafin awo, da likita, da rumbu, da yadda gabana ke faɗuwa in waya ta yi ƙara. Na ce mata yanzu ni ba na hannun daman kowa ba ne, tsofaffin takardu nake jerawa. Ina magana ina satar kallonta, ina jiran ta ce na zubar mata da mutunci a unguwa.

Ta tashi ta jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta tono har ƙasa, ta fito da wani wandon babana. Ta shimfiɗa shi a cinyarta. A ƙugun an yi masa ƙari har sau uku, kowane ƙyalle da launinsa. Ta zaro zariyar, sai ga ta da ƙulli uku, an yi ta haɗa wata da wata.

Ta ce, "Shi ma ko tuwo yake ci, in ya ji hon ɗin motar gidan maigida sai ya tsame hannu ya miƙe. Shekara nawa bai gama cin abinci a zaune ba. Waɗannan ƙulle-ƙullen duk ni na yi su da hannuna. Ina ƙullawa ina murna, ina cewa mijina ya samu hutu."

Hawaye suka zubo mata, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Na ce, "Inna, ai ba wanda ya sani."

Ta ce, "Ba wanda ya sani." Ta share fuska da gefen mayafinta, ta kama damtsena ta matsa, kamar mai duba ko da gaske ne. Sannan ta ninke wandon ta mayar.

Da zan tafi ta sa aka saka mini kaya a mota, har da wata robar man shanu da ƙullin daddawa da ta ɗaure daban. Na ce ai na gidanmu yana ciki. Ta ce, "Wannan ba naka ba ne. Na telan nan ne. Ka ce masa uwarka ta gode, kuma kullum ka je ya auna ka, ka tsaya ya auna."